Karatun da Malam Ya Goge

Tun da mai gyaran kwamfuta ya buɗe shagonsa a ƙarƙashin benen nan, bai taɓa cin nasarar aikin da ta hana shi sukuni ba sai wannan karon.

Wanda ya kawo aikin dattijo ne, ƙanin wani malami da Allah Ya yi wa rasuwa, kuma kowa a layin yana kiransa Baffa. Ya zo da faifan ajiyar kwamfuta naɗe a hankici, ya ajiye shi a kan teburin da ke cike da sukurori da matattun batura. Ya ce karatuttukan yayansa ne a ciki, waɗanda marigayin ya yi shekaru yana ɗauka da muryarsa, shi kaɗai a ɗaki, bayan ɗalibai sun watse. Iyali sun yi niyyar raba su ga ɗaliban, domin ladan ya riƙa iske shi a makwancinsa. Sai Baffa ya jona faifan a kwamfutar gida, ta yi masa wata tambaya da bai fahimta ba, shi kuwa ba ɗabi'arsa ba ce ya ƙi mai tambaya, ya danna eh.

"Ashe cewa ta yi ko ta share kome, Injiniya. Ni da ko takarda na tsinta a hanya ba na yarwa sai na duba ko da sunan Allah a jiki."

Mai gyara ya tambaye shi ko an zuba wani abu a faifan bayan haka, ya ce ko taɓa shi bai ƙara yi ba saboda tsoro. Mai gyara ya ce masa to da sauƙi, in Allah Ya so. Ya kwatanta masa cewa lamarin kamar littafi ne da aka yage masa shafin da ke nuna babuka, aka kuma warware ɗinkinsa: takardun suna nan, sai dai a tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da kwafe faifan gaba ɗaya a kan wani, don kada hannu ya taɓa na asali, sannan ya saki manhajar tsinta a kan kwafin.

Kashegari da hantsi karatuttukan suka dawo. Ba suna, ba kwanan wata, lambobi ne kawai jere har ƙasan allon kwamfutar. Ya yi hamdala, ya sa abin sauraro a kunne, ya shiga buɗe su don ya tabbatar ba su lalace ba. A nan ne kansa ya fara ɗaurewa. Biyu daga ciki sun fara da bisimilla iri ɗaya, da salati iri ɗaya, a babi ɗaya, na sallar matafiyi. Ya ɗauka maimaici ne, har ya kai hannu zai cire ɗaya, sai ya lura tsawonsu ya bambanta. Ya saurare su har ƙarshe. A na farko Malam ya kawo wata mas'ala ya ce mai wannan hali ya yi ƙasaru. A na biyu, da muryar nan mai natsuwa, ya ce ya cika sallarsa.

Ya aika aka kira Baffa, ya zo tare da babbar 'yar marigayin. Da ta ji duka biyun, sai ta zauna a kan kujerar roba. Can ta bayyana musu cewa mahaifinta, in ya koma ga littattafansa ya ga ya yi tuntuɓe a wani karatu, ba ya gyara gefe. Goge shi yake yi ɗungurungum ya sake ɗauka daga farko, kuma ba ya gaya wa kowa. Tsoronsa kullum shi ne wani ya yi aiki da kuskurensa bayan ba ya nan.

Nan mai gyara ya gane abin da ya faru. Manhajarsa ba ta san bambancin abin da ya ɓace bisa kuskure da abin da aka binne da gangan ba. Duka ta tono, ta jera su kafaɗa da kafaɗa.

Baffa ya ce ai abin mai sauƙi ne, a duba wanda ya zo daga baya. Mai gyara ya ce kwanan watan ya tafi tare da sunayen.

Baffa ya ce, "To ka tambayi kwamfutar mana. Ba ita ce mai son tambaya ba? Yau ita ma ta amsa."

Mai gyara ya yi ƙoƙarin duba mazaunin kowanne a jikin faifan, ko na gaba ya nuna tsufa, amma ya san sabon abu kan sauka a gurbin tsohon da aka goge, don haka wannan ba hujja ba ce. Suka yini suna saurare. Wasu tagwayen sun zo da sauƙi, domin a ɗayan za a ji Malam ya tsaya a tsakiya ya yi istigfari, sautin ya yanke. Amma na sallar matafiyi da wasu 'yan kaɗan, kowanne cikakke ne har addu'ar rufewa.

Baffa ya dage cewa mai tsananin shi ne na ƙarshe, don yayansa da ya manyanta ya ƙara taka-tsantsan. 'Yar ta ce a'a, ita da ta yi jinyarsa ta san a ƙarshen rayuwarsa sauƙi yake nema wa mutane. Baffa ya ce a saurari muryar, ta biyun ta fi tsufa. Ta ce mura ce, Baffa, duk sanda ya kwana da fanka haka yake tashi. Suka kasa kunne ga ƙarar ƙofa, da tari, da kukan wata mota a waje, kowa yana jin abin da ya goyi bayansa. Mai gyara ya ba da shawarar a kai wa wani masani. 'Yar ta ce masani zai faɗi wanda shi ya fi rinjayarwa, amma ba zai san wanda mahaifinta ya tsaya a kai ba, kuma da sunan mahaifinta za a raba, ba da sunan masanin ba.

"A fitar da biyun mana, ɗiyata," in ji Baffa, "kowa ya zaɓa."

"Baffa, ɗaya daga ciki shi da hannunsa ya goge. Idan na fitar da biyun, na tabbata na fitar da wanda ya ƙi."

"Idan kuma kin riƙe biyun, kin tabbata kin ɓoye wanda ya so."

Mai gyara ya dubi lambobin nan biyu a allo, yana jin kamar shi ne ya tone abin da ba a aike shi ba, ko da yake aikin da aka ba shi kenan, kuma ya yi shi yadda ya kamata.

Daga bisani 'yar ta tambaye shi ko akwai gogewar da ba mai iya dawo da ita, ko da wani gwani ya samu faifan nan gaba. Ya ce akwai, sai a rubuta wani abu a kan gurbin har asalin ya mutu. Ta roƙi ya sake kunna mata su. Ta saurari na farko har ƙarshe, ta saurari na biyu, idonta a rufe, tana motsa leɓe tare da addu'ar rufewa. Sannan ta ce sauran karatuttukan a raba, waɗannan masu shakka kuwa a shafe su, a faifan asali da kwafinsa, Allah Ya san niyyar kowa.

Baffa ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

Mai gyara ya yi bisimilla ya aikata. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Da ya gama, ya rasa ko hamdala ce ta dace da shi ko istigfari, sai ya yi duka biyun a ransa, ya shiga sa wa sauran karatuttukan suna, 'yar tana faɗa masa babi bayan babi.