Faɗuwa a Ɗakin Ɗibar Jini

Katin lafiyata na tuƙin jirgin sama zai ƙare ranar talatin ga Yuni, 2013. Lasisina na ƙananan jirage ne, irin wanda mutum ke tuƙawa don kansa ba don a biya shi ba, kuma ba ya aiki sai da wannan katin a gefensa. Ranar da katin ya mutu, ko da lasisin na cikin jakata, ba mai ba ni makullin jirgi a filin da muke tashi can bayan gari. Nawa aji biyu ne, shekara biyu aka rubuta masa. Masu neman aikin kamfani su ke yin aji ɗaya, wanda ya fi tsanani kuma ya fi saurin ƙarewa.

Harhaɗa magunguna nake karanta a Alkahira, ina shekara ta huɗu. Tuƙi kuwa na ranakun Alhamis ne, kuma a duk ɗaliban da suka zo daga gida ni kaɗai ce mace mai yin sa. An yi ta magana, a Darrasa, unguwar da muke zaune, da a garinmu Gusau, ban taɓa tsayawa na ba kowa amsa ba.

Likitar da hukuma ta amince ta duba matuƙa, Dakta Mahasin, a unguwar Ma'adi take. Ta ba ni ranar Litinin, ashirin da huɗu ga wata, da takardar da ta ce a zo ba a karya ba saboda gwajin sukari, amma a sha ruwa sosai. Mu kuma muna tsakiyar Sha'aban, ina da ramuwar azumi goma sha biyu da na yi ta ɗagawa tun bara, kamar yadda yawancinmu ke yi sai Ramadan ya matso. Na riga na yi takwas a jere. Da na karanta takardar sai na ga abin ya zo daidai: tunda ba za a ci ba, na haɗa da azumin kawai.

Nana Aisha, wadda muke ɗaki ɗaya, fiƙihu take karanta. Ta ce ɗibar jini kaɗan ba ya karya azumi, amma ba abin da ya tilasta min yin na ranar, tunda saura fiye da mako biyu a ga wata, ni kuma kwana huɗu suka rage min. Na ce na ɗauri niyyar gamawa a jere.

"Kyaftin, takardar ta ce ki sha ruwa," in ji ta. "Ko jirgin naki ai sai an zuba masa mai."

Na ce mata ita ta riƙe littattafanta, jikina ni na san shi.

Ranar an ɗauke wuta tun asuba, na makara ban yi sahur ba. Motocin haya sun yi layi a gidajen mai, don haka daga tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ta Ma'adi na taka da ƙafa har asibitin, rana tana dukan kaina. Aka gwada idona, na karanta layin ƙasa duka. Aka sa min abin kunne, na ji kowace ƙara. Awon zuciya lafiya. Saura jini.

Mai ɗibar jinin wata dattijuwa ce, Bakhita. Tana ganin sunana, Khairat, da na mahaifina, Ɗantsoho, sai ta juya harshe zuwa Hausa irin ta Sudan. Ta ce kakanninta daga Haɗeja suka taso za su Makka, suka tsaya a hanya. Ta cika kwalba uku, ta danna auduga, ta ce na zauna minti biyar. Na ce ba na buƙata. Na miƙe, na ɗauki jakata, na yi taku biyu.

Da na buɗe ido ƙafafuna na kan kujera, kaina a ƙasa, Bakhita tana shafa min ruwa a fuska. Ta tambaye ni ko azumi nake. Na ce e. Ta girgiza kai, ta jawo fayil ɗina.

Abin da na yi a nan ba na alfahari da shi, amma na yi. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, ba wanda ya gani. Don Allah kar ki rubuta."

"Ni na gani, 'yata. Ma'alish, ki yi haƙuri." Ta zare hannunta a hankali ta rubuta, har da lokaci, har da daƙiƙun da na yi ba na motsi.

Dakta Mahasin ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yarda ƙishirwa ce da allura, kusan ta tabbata. Amma matuƙin da ya suma, ko a kan gadonsa ne, ba za ta sa masa hannu ba sai an bincika zuciya da ƙwaƙwalwa an ga ba daga can ba ne. Ba ta ce na faɗi gwajin ba, ta ce an dakatar. Ta rubuto min gwaji uku, ta ce kuma sai na yi wata huɗu ban sake suma ba. Na ce mata sati ɗaya ya rage wa katina. Ta ce ta sani, ita ta rubuta shi.

Katin ya mutu ranar da garin ya cika da masu zanga-zanga. Ina zaune a ɗaki ina jin jirage masu saukar ungulu suna wucewa ta saman Darrasa.

Rilwanu, wanda muke tashi a fili ɗaya, ya same ni a wani shagon littattafai bayan sallar azahar. Ya ce ba ita kaɗai ce likitar matuƙa a Alkahira ba. Akwai wani a Wustul Balad, can tsakiyar gari, ba ya yawan tambaya. Ya ce na je na cika sabon fom, inda aka tambayi ko na taɓa suma na sa a'a, shi ke nan. In ba haka ba, na bari sai na je gida hutu a yi min can, inda ba wanda ya san labarin.

Na tambaye shi ko zai sa ƙanwarsa a bayan matuƙin da ya yi haka. Ya ce ai ni da shi mun san ƙishirwa ce. Na ce ni ma haka nake zato, amma zato nake yi. Gaskiyar magana, ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Na roƙi Bakhita ta ɓoye min abu ta ƙi, abin ya tsaya min a rai. Ba zan sake roƙon kowa ba, kuma ba zan riƙe katin da na san in aka buɗe fayil za a iya ƙwace shi ba.

Gwajin ƙwaƙwalwa aka fara yi, cikin azumin Ramadan. Suka manna min wayoyi a kai da wani abu mai danƙo da ya ɗauke ni kwana uku ina wankewa daga gashina. Na biyu, gado ne da ake ɗaure mutum a kai a miƙar da shi tsaye, minti arba'in, ana jiran a ga ko zai faɗi. Sau biyu ana ɗaga ranar saboda an rufe hanyoyi. Da aka yi, na tsaya ina kallon agogon bango har suka gaji suka kwance ni.

Na ukun ya faɗo ƙarshen Agusta, lokacin dokar hana fita, an rufe tashar metro ta Tahrir, ko'ina bincike. Wata 'yar na'ura ce ake rataya wa mutum a ƙugu ta kwana tana naɗar bugun zuciya, da wayoyi biyar manne a ƙirji. Na sa abayata a kai na kama hanyar gida. A ƙofar tasha na'urar bincike ta yi ƙara. Matar da ke binciken mata ta shafa gefena, ta ji akwati da wayoyi, ta ja da baya tana kiran sojan da ke bakin ƙofa. Mutane suka dare.

Na ɗaga hannuwana sama. Na faɗa musu da Larabci, a hankali, cewa takardar likita na cikin aljihun jakata na waje, ba zan taɓa komai ba, su ɗauko da kansu. Sojan ya karanta ya sake karantawa. Matar ta shigar da ni bayan labule ta duba, ta fito tana cewa ma'alish. Ta ce da na cire kafin na shigo. Na ce in na cire, sai an sake daga farko. A littafin da aka ba ni na rubuta duk abin da na yi a ranar, na sa: ƙarfe uku da kwata, bincike a tasha. Likitan zuciyar ya ce a nan ne kaɗai bugun ya haura.

Farkon Nuwamba na koma Ma'adi da sakamako uku, duka lafiya. Bakhita ta sake ɗibar jinina. Wannan karon na zauna minti biyar ɗin cif.

Dakta Mahasin ta karanta kowane shafi, sannan ta ce hukuma ta ba ni zaɓi biyu. Ko na jira zuwa Yuni mai zuwa, shekara ta cika, na karɓi kati ba sharaɗi. Ko na karɓa yau, na wata goma sha biyu maimakon shekara biyu, da sharaɗin ba zan tashi ni kaɗai ba, sai da wani matuƙi a kujerar dama, har wata shida. Ta ƙara da cewa ko wanne na ɗauka, duk fom ɗin da zan cika nan gaba sai na rubuta wannan faɗuwar.

Tun ranar da malamina ya sauka ya bar ni na tashi ni kaɗai, ban sake son kowa a kujerar nan ba. Kuma na san abin da za a ce a filin: an sa wa Khairat mai gadi. Amma wata huɗu da rabi ke nan hannuna bai taɓa jirgi ba. In na ƙara bakwai, sai na koma darasi kamar sabuwa.

"Ki rubuta sharaɗin, Dakta," na ce.

"Kin tabbata? Da manyan baƙaƙe ake buga shi. Duk wanda ya karɓi katin zai gani."

"Su gani."

Ta buga hatimi, ta sa hannu, ta miƙo min. Kafin na kai tashar metro na kira ofishin filin, na ce a ajiye min jirgi ranar Alhamis ƙarfe tara, a kuma nemo min duk matuƙin da ba shi da aiki ya zauna a dama.