Ranar da Aka Sauke Hajiya Larai Daga Turmi

Awaki sun shiga lambun ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Ringim, suka yi wa dashen tumatir da salak aski. Dokar ƙungiya kuwa ba ta da kwana-kwana: wadda ta bar ƙyauren lambu a buɗe, za a karɓe kominta, wato ɗan filin da take shukawa, har rani ya fita.

Wadda aka ga ta fito ƙarshe ita ce Mashkura, amaryar bara, matar Idirisu. Komin nan shi ne abu na farko da ta taɓa mallaka da sunanta, kuma tumatirinta ya fara fure.

Shugabar ƙungiya ita ce Hajiya Larai, uwar Idirisu. Mace ce mai son a ce ba ta son kai, har abin ya zame mata ado. Ta tara mata a gindin mangwaro, ta hau turmin da aka kife mata a matsayin kujera, ta ce yau za a ga ko doka tana da suruka. Ita ta karanto laifi, ita ta kira shaida, ita ta juya ta tambayi matar ɗanta ko tana da abin cewa.

Mashkura ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, tana zane ƙasa da ɗan yatsa. Aka sake tambaya, shiru. Mata suka fara gyaɗa kai, wai ta amsa laifi ke nan. Abin mamaki, kowacce a cikinsu ta yi shekaru ba ta ɗaga ido gaban uwar mijinta ba, amma da suka zauna a matsayin masu hukunci sai duk suka manta.

Malama Lauratu, sakatariyar ƙungiya, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a Dutse, ta ajiye goronta. Ita ce ta tsara musu dokokin tun farko, ta raba aiki uku kamar yadda ƙasa ta raba: taron mata ya yi doka, shugaba ta zartar, dattawa uku su yi shari'a. A lokacin dariya aka yi mata, aka ce lambun salak ne ba Abuja ba, kuma tun daga ranar Hajiya Larai ke riƙe da ukun duka, don ta fi kowa murya.

Malama ta ce kundin tsarin mulkin ƙasa, a sashe na talatin da shida, ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a gaban alƙalin da ba shi da ɓangare. Hajiya ta ce ai an tambaye ta, kowa ya ji.

"An tambaye ta a inda ba ta da baki," in ji Malama. "Yaya Larai, ke a zamaninki, da Inna mai rasuwa, uwar mijinki, ta taka miki ƙafa, cewa za ki yi ta ɗaga?"

"Haƙuri zan ba ta," in ji Hajiya, kafin ta yi tunani.

Wurin ya kaure da dariya. Aka ce shugaba ta sauka daga turmi. Ta sauka tana mita, wai yau ta ga juyin mulki da rana tsaka, ba ko kiɗan soja a rediyo. Aka ce kuma ta fita daga lambun. Ta fita, ta zauna a bayan darni, inda kowa ya san ko tari aka yi za ta ji, amma dai ba a ganin fuskarta, kuma kunya da ido take aiki.

Dattawa uku suka zauna a tabarma, Inna Hadiyya a tsakiya, tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar wadda za a ɗauka hoto. Ta ce wa Mashkura ta yi magana, 'yar nan, ba mai cinye ta.

Mashkura ta ce ita ta ɗaure ƙyauren, ɗauri biyu ma. Tana kan hanya ta waiwaya, ta hango an dawo an kwance an shiga, an fito da buta. Aka tambaye ta wa ta gani. Ta sake sunkuyar da kai.

"Inna, wadda na gani, ba zan iya kama sunanta ba."

Mata suka dubi juna. Duk ƙungiyar, mutum ɗaya ce Mashkura ba ta iya faɗin sunanta. Idanu suka juya wajen darni a hankali.

Can sai murya ta fito daga bayan kara, ƙasa-ƙasa: "La ilaha illallahu. Butar alwalata."

Inna Hadiyya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Aka shigo da Hajiya Larai. Malama ta ce ita ma tana da haƙƙin a saurare ta, Hajiya ta ce a riƙe haƙƙin, ta yafe. Ta dai ce waya aka yi mata tana fitowa da butar, ta tafi tana hira, ta bar igiyar ƙyauren na reto. Wasu suka ce a sassauta, shugaba ce. Ita da kanta ta ƙi, ta ce dokar da ta ɗauko wa matar ɗanta ba za ta yi mata kaɗan ba.

Aka bar wa Mashkura kominta. Na Hajiya kuwa aka karɓe, kuma bisa doka taron mata ne zai zaɓi mai riƙe shi, wadda nata ya fi ƙanƙanta. Aka duba, aka auna da ido, sai ga shi na amarya ne.

Hajiya ta ce wannan wane irin hukunci ne, tumatirin ai tukunya ɗaya zai shiga. Inna Hadiyya ta ce haka ne, amma bana sai ta roƙa.

Suka kama hanyar gida, Hajiya a gaba tana ba kowa labarin yadda aka tsige ta, Mashkura a baya ɗauke da butar, mayafi a baki, kafaɗunta na rawa don dariya.