Kifin Stamena da Bututun Jan Ƙarfe

A ƙauyenmu idan aka ambaci Stamena, kowa da abin da zai ce. Mai kanti cewa yake ita ce macen da ta taɓa mayar masa da ƙusa guda ɗaya don kanta a karkace yake. Matan da suka yi aiki tare da ita a kamfanin gwangwani sukan ce inji bai taɓa tsayawa tana kusa ba, don shi ma tsoronta yake ji. Mijinta Obrad kuwa, Allah ya jiƙansa, yakan ce shekararsu talatin da takwas tare bai taɓa jin “yi haƙuri” daga bakinta ba. In ta yi masa laifi, sai dai ya dawo ya tarar da miyar waken da ya fi so, shi ke nan an shirya. Duk gaskiya suka faɗa. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma kullum safiya a tsakar gidanta nake shan gahawa.

Cikin watan Maris ta fara aikin kiwon kifi. Ta samo wani farin tanki da kamfanin lemo ya yar, ta yanke samansa, ta wanke shi tas. Ta jera tsofaffin bahon wanka uku a kan bulo, ta cika su da tsakuwar rafi. Faifan sola biyu na hannu ta ɗora a rufin akurki, ta haɗa su da batirin taraktar Obrad da wani ɗan famfo da bai fi dunƙulen hannu ba. Famfon ya tura ruwan tanki sama zuwa cikin bahunan, tsakuwa da saiwoyi su tace, ruwan ya gangaro ya koma inda ya fito. Da ta ga yana zagayawa yadda take so, sai ta zuba 'ya'yan kifin da muke kira sharan guda arba'in, kowanne kamar tafin hannu.

Ranar nan Budimir ya leƙo. Shi ne kum ɗin gidan: shi ya tsaya musu ranar aure, shi ya riƙe 'ya'yansu ranar da aka yi musu wankan coci. Gonar inabinsa ta jingina da bayan gidanta, shingen waya kawai ya raba.

“Stamena, wa za a yi wa wanka? Na ga baho har uku.”

“Tumatir da tattasai.”

“A cikin tsakuwa? Ina ƙasar?”

“Kifi ya yi kashi, tumatir ya ci, ruwa ya dawo fes. Rana ke biyan kuɗin wuta. Me ya rage ban faɗa maka ba, kum?”

“Abin da ya rage shi ne wanda zai kai ki asibiti.” Ya dube ni. “Desanka, kina zaune kina kallo? Obrad ya tafi, babu mai taka mata birki.”

Na kurɓi gahawata.

Maganar ba ta tsaya a tsakar gida ba. A bakin kanti ya maimaita ta, mutane na dariya, wai Stamena ta buɗe wa kifi otal. Ashe ta zo sayayya ta ji, nan ta ajiye jakarta ta ce masa, kowa yana ji, ranar Waliyyi Nikola kifin bayan gidanta zai ci a teburinta, ba na kasuwa ba, kuma zai lashe yatsa. Nikola ne waliyyin gidan Obrad, ranarsa cikin azumin Disamba take faɗowa, ba a ɗora nama sai kifi. Tun rasuwar Obrad, Budimir ne ke kama gurasar bikin tare da ita su juya su raba. Ya ce ya yarda, in dai kifin ya kai girman da za a ga ƙayarsa ba tare da tabarau ba.

Abin ya yi kyau, babu ƙarya. Ta saita famfon ya yi aikin kwatan awa ya huta sauran awar, don kada batir ya ƙare. Ranar hadari takan rage wa kifin abinci. Duk Asabar ta hau tsani ta goge faifan da tsumma. Kafin Yuni tumatir ya fi ni tsawo, latas har ta gaji da rabawa. Budimir ya daina dariya, amma bai yaba ba. Yakan tsaya jikin waya ya ce, “To, ganye dai ganye ne.”

A tsakiyar Yuni rana ta cinye tiyon roba da ke kai ruwa sama, ya tsage. Stamena ba mai zuwa kanti ba ce in akwai abin da za ta iya zarowa a rumfa. Ta shiga ta fito da bututun tukunyar dafa barasar Obrad, mai sheƙi, ta miƙar da shi a gwiwa, ta ɗaura.

“Wannan rana ba ta isa ta ci shi ba,” ta ce. “Kakan Obrad ne ya saya.”

A satin nan ne kuma kowa ya fara feshin inabi da maganin da muke kira shuɗin dutse, kamar kowace shekara. Budimir ya goya tankinsa ya bi layi-layi, har ganyen suka yi shuɗi.

Bayan kwana goma na shigo na tarar da ita tsaye kan tanki, kifi biyu sun juya ciki sama. Washegari uku. Sauran sun daina cin abinci, suna ta buɗe baki a saman ruwa. Ta duba famfo, ta duba batir, ta shinshina ruwan. Sai ta ɗaga kai ta hango ganyen inabin nan shuɗi ta bayan waya.

“Desa, je ki karɓo min ledar maganin Budimir.”

Na karɓo. Ta manta tabarau a ɗaki, ta ce in karanta. Na bi da yatsa a hankali, kamar yadda na saba. An rubuta akwai jan ƙarfe a ciki, kuma yana kashe kifi, kada a bari ya shiga ruwa.

Ba ta ko cire gyalen aiki ba ta fita. A bakin kanti ta same shi, cikin mutanen da suka ji rantsuwarta.

“Budimir! Ka ga za ka sha kunya, shi ne ka fesa wa kifina guba?”

Bai taɓa jin sunansa tsirara a bakinta ba. Ya ajiye kwalbarsa.

“Stamena, layi biyu na ƙarshe ban fesa ba. Na bar su saboda ke. Je ki duba.”

“Iska fa? Ita ma ka hana ta?”

“Ni da na riƙe 'ya'yanki a coci, ni zan kashe miki kifi?”

“Hassada ba ta san coci ba.”

Mai kanti ya ce, “Haba Stamena, kum ba maɓallin riga ba ne da za a yar a ɗinka wani.” Budimir ya ɗauki hularsa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, daga yau ƙafarsa ta bar gidanta, ranar Nikola ta nemi wanda zai kama mata gurasa.

Ta kwashe rabin ruwan ta zuba na rijiya. Mutuwar ta tsaya, ta ce, “Kin gani?” Bayan sati biyu wani ya mutu. Ta sake canja ruwa, ta kafa leda jikin waya tun daga ƙasa har sama da kai. Haka aka yi ta yi. An gama feshi, an tsinke inabi, ganye ya fara ja, kifin bai daina mutuwa ɗaya-ɗaya ba. Na taɓa ce mata, “Ai an daɗe da daina feshi.” Ta ce gubar ta shige cikin tsakuwa. Na bar maganar. Mai jayayya da Stamena sai ya karya kumallo da kyau.

Cikin Oktoba, lokacin dafa barasa ya zo. Tukunyar Obrad ce ke zagaya gidaje biyar na layinmu, kuma Budimir ne kullum na farko. Tun da ba sa magana, ni ya aika. Stamena ta ce a ɗauka, ita ba ta hana aro, tukunya ba ta yi mata laifi ba. Na tura ta a baro har gidansa.

Ya duba murfi, ya duba gindi. “Ina bututun?”

“Yana jikin tankin kifi. Tun Yuni, da tiyonta ya tsage.”

Sai ya zauna a kan kututture, ya cire hula, ya shafa kai.

“Desanka, shuɗin dutse da me ake yin sa?”

“Jan ƙarfe. Ni na karanta mata.”

“Bututun fa?”

Nan take na gane.

“Wata huɗu ruwa na bi ta cikinsa dare da rana,” ya ce. “Obrad kafin ya ɗora wuta sai ya wanke shi da toka da ruwan zafi, don kore-koren nan da ke fitowa ciki. Ita ta sani, ta sha ganinmu.” Ya mayar da hularsa. “Je ki faɗa mata ta cire shi yau. Kada ki ce ni na ce. Kifin ba su zage ni ba.”

Na same ta tana tsinke tattasan ƙarshe. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, “Stamena, bututun nan na mene ne?” Ta kashe famfo, ta kwance bututun, ta zura tsinke da tsumma a ciki. Tsumman ya fito shuɗi-kore, kalar ganyen inabin Budimir sak.

Ta ɗago ta dube ni.

“Shi ya gano?”

“Ya ce kada in ce.”

Ranar ta je kanti da ƙafarta ta sayo tiyon roba baƙi, ta lulluɓe shi da tsohon buhu saboda rana. Ta kwashe tsakuwar baho uku ta wanke, ta canja ruwa kaɗan-kaɗan har kwana shida. Kifi goma sha huɗu suka rage, kuma daga nan ko ɗaya bai ƙara mutuwa ba. Ta kafa rumfar leda a kan tankin da bahunan saboda sanyi, ta ɗaga faifan suka ƙara miƙewa don ranar hunturu ƙasa-ƙasa take bi. Kifin suka koma cin abinci har sanyi ya kama sosai.

Sai aike ya fara. Ta wanke bututun da toka, ya yi ƙyalli, ta ba ni in kai masa. Ya karɓa ya ce, “Na gode wa Obrad.” Ta cire ledar jikin waya. Ta aika da kwalba uku na niƙaƙƙen tattasai. Wata safiya ya tashi ya tarar an gyara ƙyauren gonarsa da ya shekara yana jan ƙasa. Daga baya sai ga tukunyar miyar wake.

Ya buɗe ya shinshina. “Ta yi daɗi. Amma ni ba Obrad ba ne, ba na jin yaren wake. A bakin kanti aka zage ni, Desanka.”

Na kai mata saƙon yadda yake, ban rage ban ƙara ba.

“Tsohon banza,” ta ce. “So yake in durƙusa?”

“Bai ce ki durƙusa ba.”

“To me yake so?”

“Kin sani.”

Ta juya ta ci gaba da goge faifan da ta riga ta goge.

Ranar Nikola ta zo da ƙanƙara a kan rufi. Tun safe muka kama shida mafi girma, kowanne ya kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa. Ta soya huɗu, ta dafa miya da biyu, ga wake, ga kabeji, ga latas ɗin bahonta kore shar cikin Disamba. Kyandir yana ci, gurasar tana tsakiyar tebur. Baƙi suka fara shigowa, kowa ya gaisa ya saci kallon kujerar da ke kan tebur, wadda babu kowa a kai. Babu wanda ya miƙa hannu.

Stamena ta tsaya ta dubi gurasar. Sai ta cire gyalen girki, ta sa kwat ɗinta na coci, ta ɗauki kifi mafi girma a faranti ta rufe da tsumma.

“Desa, taho. Ke ce shaida.”

Ba gidansa ta nufa ba. Ta san inda zai kasance. Yana zaune a bakin kanti da mutum huɗu, sanye da rigarsa ta biki, an aske gemu, wai hira ya fito.

Ta ajiye farantin a kan benci ta yaye tsumman.

“Ka ga ƙayarsa, ko in aro maka tabarau?”

Ya leƙa. “Ba laifi. Na kasuwa ne?”

“Ka san ba na kasuwa ba ne.”

“To, a ci lafiya.” Ya mayar da kai wajen mai kanti.

Na ga hannunta yana murza maɓallin kwat. Ta yi gyaran murya, ta ɗaga kai, ta yi magana da irin muryar da take kiran kaji da ita, yadda har na cikin kanti sai da suka leƙo.

“A nan na ce ka kashe min kifi. Ƙarya na yi maka. Ni na kashe su da hannuna, da rowar tiyo. Kum, na zalunce ka. Ka yi haƙuri, ka yafe min.”