Lallen Cikin Randa

Sai da aka yi sadakar arba'in ta Malam Sammani, baƙi suka ɗauke ƙafa, sannan matarsa Safara'u ta lura lallenta yana mutuwa. Ganyen ya yi ɗorawa ya zube, ƙasar cikin randar da aka dasa shi ta koma taɓo, har tsami take yi.

Ba sai an faɗa mata dalili ba. Tun ranar jana'iza, duk matar da ta shigo gaisuwa, in lokacin salla ya yi sai ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin gutsuren randar nan ta yi alwala a ciki, don kada ruwan ya tafi a banza. Kowace gani take alheri take yi wa shukar. 'Yar tsagar da ke gindin randar kuwa ba ta isa ta tsiyaye ruwan mata hamsin a yini ba.

Lallen nan reshe ne da Safara'u ta ɓallo daga gidan mahaifiyarta a Ƙofar 'Yandaka, shekara ashirin da biyu ke nan. Malam malamin makaranta ne, kullum cikin canjin wurin aiki, yau Mani, gobe Malumfashi, shi ya sa ba ta taɓa dasa shi a ƙasa ba. Gidan mahaifiyar tuni aka sayar da shi, aka sare uwar lallen aka malala siminti. Wannan kaɗai ya rage.

Kwana uku tana wuce shi ba ta taɓa ba. Takaba ta riga ta cinye mata ƙarfi, ko tsintsiya nauyi take yi mata.

Rana ta huɗu da hantsi Kulu, yayar Malam, ta iso daga Ƙofar Guga kamar yadda ta saba, ta zo taya ta zama. Bayan an gaisa, an tambayi kwana da gajiya da haƙuri, ta baje a tabarma ta kunna rediyon marigayin. Ana ta maganar sojoji za su miƙa mulki ga farar hula ƙarshen wata.

"Kashe mani abin nan, Yaya Kulu, kaina ciwo yake."

Kulu ta rage muryar, ta bi idon Safara'u har zuwa randar. "Ke da ke takaba, mi za ki yi da lalle? Wa za ki yi wa ƙunshi, ni?"

"Na Inna ne."

Kulu ta kashe rediyon. Ta yunƙura da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta je ta kama gindin lallen ta girgiza. Ya yi laushi kamar dafaffen rogo.

"Gindi kam ya tahi," in ji ta. "Ni ma na zuba masa nawa, sau biyar a yini. Allah ya yafe mu."

Sai ta shiga bin rassan tana kankarewa da farce. Wannan baƙi, wannan ma baƙi. Can sama, a wani siririn reshe, ɓawon ya ɗaye, kore ya bayyana.

"Kawo wuƙa. Ba wannan dakusasshiyar ba, ta yankan kuɓewa."

Safara'u ta kawo, amma Kulu ta ƙi karɓa. "Ke za ki yanka. Ni idona ba ya gani sosai. Ƙasa da gaɓa, a karkace."

Reshen bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba, suka raba shi uku. Safara'u ta tsige ɗan ganyen da ya rage, ta huda gwangwanayen madara da ƙusa, ta cika su da yashi, ta dangwala bakin kowane yanki a toka ta soka. Suka jera su a inuwar bayan madafa.

"Ruwa cokali biyu, sai yashin ya bushe," in ji Kulu. "Kada tausayi ya ɗebe ki."

Hana ruwan nan shi ya fi komai yi mata wuya. Zafin bazara ya kai intaha, ta kan tsaya da moɗa a hannu tana kallon yashin ya yi fari fat, sannan ta juya ta shanye ruwan da kanta. Cikin mako guda yanki ɗaya ya yi baƙi. Na biyu ya bi shi. Ta zare su ta jefa a murhu, ta daina leƙa na ukun sai in za ta ɗiga masa ruwa.

Ranar kwana ashirin da uku ta sunkuya da cokalinta, sai ta ga wasu ɗigo biyu a jikin gaɓar, kore shar, ba su kai ƙwayar gero ba. Ta daɗe a tsugune. Da Kulu ta iso, ta ɗauko gwangwanin ta miƙa mata har gaban fuska.

Kulu ta ƙanƙance ido, ta matsar da shi nesa, ta dawo da shi kusa. "Ni ban ga komai ba, sanda ce kawai."

"Akwai, Yaya. Biyu ne."

"To in kin ce akwai, akwai. Mayar da shi inuwa kafin rana ta same shi."

Safara'u ta mayar, ta dawo ta zauna a gefen tabarmar ta jingina da bango.