Hoton Kan Babban Allo

Allo biyu ne a ɗakin ɗaukar sautin nan, kuma ɗayansu maƙaryaci ne. Babban, wanda ke fuskantar kujerar baƙi, hoto ne kawai a kansa, hoton manhajar nan mai tsada da manyan situdiyo ke taƙama da ita. Ƙaramin da aka karkatar wajen bango shi ke yin aikin, da manhajar kyauta wadda kowa ke iya saukewa, har ya gyara ta in ya iya.

Dabarar Yaya ce. Shi ya kama hayar ɗakin ya manna soso a bango, ƙanwarsa kuma, wadda mawaƙa ke kira Kunnuwa, ita ke haɗa sauti. Cewarsa mutane da ido suke sauraro. Bai yi ƙarya ba, don duk wanda ya gama rera waƙa sai ya gyara wuyan riga ya tsaya gaban babban allon a ɗauke shi hoto, ya watsa wa duniya.

Abin yana ci wa Kunnuwa rai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: manhajar da ke ciyar da su tana ɓoye, wadda ba su taɓa saya ba tana shan yabo.

Ana nan sai ga babban kamu. Wata mawaƙiya da ake ji da ita ta gwada su ta ji daɗi, ta ce manajanta zai zo ya ga wurin kafin a ba su aikin kundin waƙoƙinta gaba ɗaya. Yaya ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in wannan aiki ya kufce zai mayar wa mai gida makullinsa.

Ranar zuwan, Kunnuwa ta riga Yaya isa. Ta goge hoton, ta haɗa manhajar gaskiyar a babban allo. Yaya ya shigo ya gani, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ko gezau ba ta yi ba.

“Yaya, ramin ƙarya ƙurarre ne,” ta ce. “In manhajar nan ba za ta ciyar da mu da fuskarta ba, gara mu sani yau.”

Manajan ya iso, turarensa a gaba, mawaƙiyar a baya. Ko zama bai yi ba ya tambayi abin da ke kan allon. Kunnuwa ta gaya masa. Ya yi dariya ya ce araha ba ta ado. Ta miƙa masa abin sawa a kunne ya saurari aikin, ya ce ba sai ya ji ba. In abin ya lalace ana tsakiyar aiki, wane kamfani zai kira? Ta ce ita zai kira. Ya girgiza kai ya fita.

Yaya ya zauna a kujerar baƙi, ya zaro makullin yana juya shi a hannu. Wannan ya fi faɗan yi wa Kunnuwa ciwo, amma ba ta yi nadama ba.

Mawaƙiyar ba ta bi manajan ba.

“Tun ranar farko na sani,” ta ce. “Ina ta rera waƙa, layin sautin da ke kan allon bai taɓa motsi ba. Na ɗauka ni kuka raina.”

Kunya ta rufe Kunnuwa. Mawaƙiyar ta ce kundin ya fi ƙarfinta, a hannun manaja yake. Sai dai akwai wata waƙa da ta yi wa mahaifiyarta, wadda ba ruwan kowa da ita, kuma a nan take son a ɗauka.

Yaya ya ce waƙa ɗaya ba ta riƙe ɗaki. Kunnuwa ta jawo makirfo ta daidaita shi da bakin matar.

Aka soma. A karon farko layin babban allon ya motsa, yana hawa yana sauka tare da numfashinta. Da aka gama, mawaƙiyar ta gyara mayafi, ta tsaya inda kowa ke tsayawa, ta miƙa wa Yaya wayarta.

“Ɗauke ni, Malam. Ka tabbata allon ya fito sosai.”

Hannu ɗaya ba zai riƙe wayar daidai ba. Yaya ya dubi ƙanwarsa, ya mayar da makullin aljihu, ya ce wa matar ta ɗan matsa hagu, don tana tare allon.