Tsutsa a Bishiyar Iyaka

Dimbeswar Chetia ya ɗaga ganyen da tsinin lemarsa, sai ga tsutsa uku. Kowacce ta fi yatsansa tsawo da kauri, koriya, da ƙayoyi masu laushi a gadon baya, ga wani farin gari a jikinta kamar an shafa mata hoda. Ƙarƙashin bishiyar kashinsu ya zuba baƙi-baƙi kamar masoro.

"Nirmali! Fito ki ga aikin ƙanin mijinki."

Matar ta fito da hannu duk ruwan shinkafa, ta leƙa sau ɗaya. "Wannan ba muga ba ce, Maigida. Muga ba ta da hoda."

"Jogen ne ya ce ki faɗi haka?"

"Ni da shi rabonmu da magana tun da ka hana."

"To, ai shi ya sa na tambaya."

Bishiyar som ce, irin wadda muga ke cin ganyenta, mahaifinsu ya dasa, kuma ranar rabon gado igiyar awo ta bi ta tsakiyar gindinta. Can bayan shinge ƙanensa Jogen yana kiwon muga, tsutsar alharini, a kan bishiyoyi arba'in irinta. Dimbeswar kuwa shekara talatin ya yi yana akawun kotu, ya kuma san ba da adda ake ƙwace ƙasa ba. Mutum zai ɗaure akuya a wuri, baɗi ya yi shanya, bayan shekara biyar sai maƙwabta su rantse tun tashinsu nan suke ganinsa. Wanda aka ga yana hidimar bishiya, shi ne mai ita. Yau tsutsa, gobe tsani, jibi shaidu.

Ya sa ɗaya a kwalba da ganye biyu, ya huda murfin, ya hau motar zuwa garin Dhakuakhana. Bai taɓa yarda da maganar da ba hatimi a ƙasanta ba.

A ofishin masu kula da alharini wata matashiyar ma'aikaciya, Malama Phukan, ta karɓi kwalbar, fuskarta ta washe.

"Kai, Baba, a ina ka samo wannan ƙatuwar?"

"Ni ne mai tambaya. Ta wa ce?"

"Ta kanta ce. Ba mai kiwon irinta a nan. Uwarta wata babbar faɗa-wuta ce, fukafukanta sun fi tafin hannunka biyu. Ta zo wucewa, ta ga bishiyarka, ta zuba ƙwai ta yi gaba."

"Haka kawai? Duk bishiyoyin Assam, sai ta kan iyaka?"

"Ba ta duba takardar gado ba, Baba."

Ya ƙare mata kallo ta saman tabarau. Ya tambaye ta ko ta san wani Jogen Chetia. Ta ce masu kiwo ɗari huɗu ne a littafinta. Wannan ba a'a ba ce, ya lura. Ya tambaya ko mutum zai iya kama uwar ya kawo ta da gangan. Ta ce in yana da haƙurin da bai da amfani, zai iya. Ya nemi ta rubuta. Ta rubuta masa cewa tsutsar ta daji ce, ba ta kiwo ba, kuma babu alamar hannun mutum a zuwanta, ta buga hatimi, ta roƙi a bar mata kwalbar. Ya ƙi. Shaida ba ta kwana a hannun wani.

A mota ya karanta takardar sau uku. Bai taɓa jin takaicin hatimi irin na yau ba.

Tun daga bakin hanya ya hango tsanin gora a jingine da bishiyar. Jogen na sama, zani a naɗe zuwa gwiwa, yana tsince tsutsotsin cikin kwando. Maƙwabta uku sun jingina da shinge suna taunar tamul, goron ƙasarsu mai rina yawu ja, suna kallo cikin natsuwar masu shirin tuna komai.

"Sauko mini daga bishiya!"

"Sannu da dawowa, Yaya," in ji Jogen, bai ko waiwayo ba. "An je ƙaro wasu ne? Na ga kwalbar."

"Ƙaro me?"

"Saura kwana shida tsutsotsina su fara saƙa, sai ga 'yan daji a bakin shingena. Su kawo cuta, su janyo hankaki, shekarata ta tafi. Duk faɗin lambunka ba su ga wuri ba sai nan? Ni ban yi boko ba, amma ba a haife ni jiya ba."

"Ni kake zargi?"

"A'a, Yaya, wa ya isa? Da ƙafarsu suka zo."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya tofar da jan yawu ya gyara tsayuwa.

Dimbeswar ya kai hannu aljihu. Takardar tana nan, kuma za ta wanke shi tas. Sai dai za ta wanke Jogen ma, a layi ɗaya, da hatimi ɗaya. Kafin a gama karanta ta kuma, mutum uku sun ƙara minti goma suna kallon ƙanensa shi kaɗai a kan bishiyar.

Ya zare hannun ba komai.

"Nirmali, kawo tsani."

"Da wannan gwiwar taka?"

"Ki kawo, na ce. Da kwando."

Ya jingina shi ta ɓangarensa, ya cire takalmi, ya hau mataki-mataki yana nishi, har kansa ya yi daidai da na Jogen. Ya juya ya kira maƙwabtan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe su, ya jira kowa ya amsa. Sannan ya runtse ido ya kama tsutsar farko. Sanyi gare ta, kuma ta riƙe reshen da ƙarfi.

"Ba haka ake cire ta ba," in ji Jogen ta cikin ganye. "Ta baya za ka ɗago, a hankali."

Dimbeswar ya yi nazarin abin da ƙanensa zai ƙaru da shi in ya bi shawarar. Bai gano ba tukuna. Ya ɗago ta ta baya.