Wadda Ta Rubuta Garken Ƙarshe

Wata uku kafin taron shekara, Mujitaba ya zo gidana a Tudun Wada a kan babur. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa. Shi ne shugaban 'Yan Jibi na yanzu. Shekarunsa ashirin da tara, yana da shagon magani a Ƙafin Maiyaki, kuma ya rubuta littattafai goma sha ɗaya waɗanda babu ko ɗaya da ya taɓa hawa takarda.

"Baba Malam, mun yanke shawara," in ji shi. "Daga bana kambun shekara sunanka zai ɗauka. Kambun Malam Jibrin."

"Na mutu ne ba a sanar da ni ba?"

"Allah ya ja da rai, Baba. Ai gara a karrama mutum yana gani."

Mu bakwai muka kafa 'Yan Jibi a shekarar 1986, yawancinmu malaman makaranta, masu son labaran abin da bai faru ba tukuna: jiragen da ke zuwa taurari, injin da ke tunani, Kano bayan shekara dubu. Muna da mujalla mai suna Jibi, shafi goma sha biyu, da muke bugawa da injin takardun jarrabawa. Direbobin Kwanar Dangora ke raba mana ita zuwa Bebeji da Kiru da Doguwa. Bayan girbi sai mu taru a gindin ɗorawa mu yi ta gardama, wanda labarinsa ya fi a ba shi tocila. Shida sun riga ni gidan gaskiya. Yanzu 'Yan Jibi mutum dubu huɗu ne a cikin waya, suna zaɓen gwani da ɗan yatsa, mafi yawansu kuma sauraron labari suke yi a kunne suna wanki.

Labarin da ya ci tocila a 1988 shi ne Garken Ƙarshe. Duniya ta bushe, wasu makiyaya suka loda shanun da suka rage a wani jirgin ƙarfe suna neman makiyaya tsakanin taurari, sai wata saniya ta ƙi shan ruwan da inji ke haɗawa. Shi kaɗai ne ya rayu daga duk abin da muka buga. Yaran sun karanta shi a murya, sun ƙara masa soyayya da wani matuƙin jirgi mai dogon hanci, amma har yanzu sunana ne a kai.

"Ba ni na rubuta shi ba," na ce wa Mujitaba. "Matata ce."

Ya ɗago kai. "Hajiya mai rasuwa?"

"Ina da wata ne?"

Ummulkhairi ba ta yi boko ba. 'Yar malami ce, uwarta kuma daga rugagen gefen Falgore. Ni ina koyar da kimiyya, in na dawo sai in ba ta labarin duniyoyi da nisan rana, ina jin kaina. Ita tana tsince wake tana ji. Wata rana ta miƙo mini littafin rubutu na yara cike da ajami, ta ce, "Malam, ga shanunka na sama. Ka duba ko sun isa." Na mayar da shi boko, na sa sunana, domin mahaifinta ba zai yarda sunan 'yarsa ya riƙa yawo a tasha a hannun direbobi ba. Wannan hujja ce mai kyau. Ta yi mini aiki shekara shida, har tsohon ya rasu. Sauran shekaru ashirin da bakwai ba ni da hujja. Ina dai jin daɗi in an nuna ni an ce ga mai Garken Ƙarshe. Ita kuwa da tocilar take duba kaji a akurki, ba ta taɓa cewa komai ba.

Mujitaba ya daɗe yana murza makullin babur.

"Baba, ni na yarda. Amma akwai doka. Bara sai da muka kori mutum biyu kan satar labari. Da labari ya yi suna sai wani ya fito ya ce kakarsa ce ta ƙirƙira. Ba ma canja sunan marubuci sai da hujja."

"Sun san ni har za su sa wa kambu sunana, amma ba su san ni yadda za su yarda da maganata ba."

"Ba haka ba ne, Baba. Rubutun Hajiya yana nan?"

"Yana akwatinta. Littafi huɗu ne, har da na Garken."

"To ai magana ta ƙare. Ka kawo mu ɗauki hotonsa, a samu mai karanta ajami ya tabbatar. Wallahi ni zan fara cewa a sa Kambun Ummulkhairi. Mata sun fi yawa a cikinmu, za su yi murna. Amma mai sassaƙa allon kambun yana son suna kafin ƙarshen wata mai zuwa."

Shekara huɗu ban shiga ɗakinta ba. Bayan tafiyar Mujitaba ma sai da na ƙara mako uku ina kewaya ƙofar, kamar wanda ake bi bashi. Ran da na shiga, akwatin ƙarfen yana inda yake, a ƙarƙashin gado. Na jawo shi, na ji ya yi nauyi fiye da yadda na sani. Na buɗe. Kwanukan tangaran ne a jere, an shimfiɗa musu sabuwar leda.

Na kira Hindatu, matar ɗana Bashir, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar. Ta zo tana goge hannu, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina takardun da ke cikin akwatin nan?"

"Na karatun Umma? Ai an kai wa Baba Lado, tun daminar waccan."

"An kai masa ya yi me da su?"

"Baba, kwanon rufi ne ya yi yoyo a daidai nan. Da na buɗe duk sun jiƙe sun manne, gara kuma ta ci gefe. Na ga rubutun Arabiyya ne, ga bisimilla a saman kowane shafi. Ban bari yara sun taɓa ba. Sai da na yi alwala na naɗe su a farin ƙyalle."

Haka ne. Ummulkhairi ba ta fara shafi sai da sunan Allah, ko da shafin saniya ce ke tashi sama. Haka ubanta ya koya mata.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Na tambaya, Baba. Kana zaure kana karatu. Na ce takardun karatu na akwatin Umma sun lalace. Ka ce in yi yadda ya dace."

Na tuna. Har littafin da ke hannuna na tuna. Ban ɗago kai ba.

Lado shi ne ladanin masallacin unguwarmu, tare muka yi ƙuruciya. Na same shi bayan la'asar yana naɗe tabarmi.

"Boka na boko," ya ce. "Yau kuma wace duniyar ce za ta faɗo mana?"

"Takardun da Hindatu ta aiko maka."

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. 'Yan yanzu da bola za su kai. Na haɗa su da guntayen Alƙur'anan masallaci da suka tsufa, na haƙa rami mai zurfi bayan katangar gabas, inda ba a takawa. Da hannuna na rufe."

"Ka karanta su?"

"Da wane idon? Kai ma da tafiyarka nake gane ka."

Na gaya masa abin da ke ciki. Ya ajiye tabarmar, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

"Ashe shanun Umma na binne da Baƙara."

"A tone, Lado."

"Jibrin." Rabon da ya kira ni da sunana haka na manta. "Damina biyu ta bi ta kai. Takardar da ta zo mini a jiƙe. In ka tona ƙasa za ka samu. Kuma ka ɗauki fartanya ka dosa inda aka binne maganar Allah, jama'a na kallo, ka ce labarin jirgi kake nema? Ni ba zan hana ka ba. Liman zai hana, kuma da gaskiyarsa."

Ban tona ba. Na kira Mujitaba na faɗa masa. Ya yi salati sau uku, ya ce zai yi magana da kwamiti. Kwamiti ya ce doka doka ce. Mai sassaƙa ya samu sunansa a kan lokaci.

An yi taron a wani ɗakin biki a Kwanar Dangora, janareta na ruri a waje. Samari sun yi rigunan matuƙa jirgi da kwali da takardar azurfa ta fakitin shayi. An yi awa biyu ana tattauna yadda ake tara masu sauraro, da minti nawa ya kamata babi ya kai kafin mutum ya gaji. Babu wanda ya yi gardama kan ko shanu za su iya haihuwa inda babu nauyi. Mu a kan wannan Ghali marigayi, ɗaya daga cikin mu bakwai, ya ƙi yi mini magana wata biyu.

Wata yarinya daga Doguwa mai suna Bushra ce ta ci kambun. Aka kira ni in miƙa mata, aka ba ni lasifika. Na faɗi komai, a jere, kamar yadda nake koyar da darasi. Na ce ban rubuta kalma ɗaya a Garken Ƙarshe ba. Na ce matata ce ta rubuta da ajami, ni kwafa na yi, na sa sunana, na riƙe shekara talatin da uku tana raye. Na ce sunan da ke kan allon nan na ɓarawo ne.

Suka tafa. Suka miƙe tsaye suna tafawa. Wani daga baya ya ce, "Kai! Soyayyar da ta fi ta yanzu!" Wata ta ce, "Allah ya ba mu miji irin Baba!" aka yi ta amin ana dariya. Wayoyi sun fi ɗari a sama. Na sake cewa ba tawali'u nake yi ba, ba kuma so ba ne, laifi nake faɗa. Tafin ya ƙaru. Kafin in sauka daga dandamali hoton ya riga ni fita, da rubutu a ƙasa: dattijon da ya sadaukar da littafinsa ga matarsa.

Mujitaba ya raka ni waje. "Baba, ka ga yadda suka karɓa? A sabon karatun da za mu yi za mu fara da sadaukarwa ga Hajiya Ummulkhairi."

"Za ku sadaukar mata da kayanta."

Sai ga Bushra ta biyo mu da allon a rungume, ta rusuna.

"Baba, ni na ji abin da ka ce, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Labarin yankewa ya yi. Saniyar ta ƙi shan ruwa, tsohuwar makiyayar ta tashi ta nufi ƙofar jirgin, sai aka ce tamat. Ban taɓa jin nan ne ƙarshe ba."

Cikin mutum dubu huɗu da shekara talatin da wani abu, ita kaɗai ta lura.

"Akwai sauran shafi ɗaya da rabi," na ce. "Mujallar ta cika. Na kuma ga abin da ke ciki bai dace da kimiyya ba, sai na cire."

"Me ke ciki?"

Na buɗe baki. Na san akwai ƙwarya a ciki. Na san tsohuwar ta kira saniyar da wani suna na Fulatanci, sunan wata saniyar kakar Ummulkhairi. Na tsaya a bakin titi, motocin Zariya na wucewa, yarinyar na jira da waya a hannu don ta rubuta. Sau ɗaya na karanta shafin, ina sauri.

"Ban sani ba," na ce.

Ta jira kaɗan ko zan ƙara. Sannan ta ce Allah ya jiƙan Hajiya, ta koma ciki, don ana kiran ta ɗaukar hoto.

Sun ba ni nawa allon, ƙarami, na tunawa. Hindatu ta goge shi ta rataye a zaure daidai inda nake zama, don baƙi su gani. Ban hana ta ba. Na riga na san abin da ke faruwa in na ce a yi yadda ya dace.

Yanzu in na fito sallar la'asar nakan zaga ta bayan katangar gabas. Tafasa ta rufe wurin, ba a gane inda ramin yake. Lado ya ce wajen nan ne, ya nuna da sanda, washegari kuma ya nuna wani wajen. Nakan tsaya nesa kaɗan, don kada in taka.